Baƙin Ciko da Haƙorin Makka: Abin da Tarihin Sana'armu Ya Koya Mini

Abin da aka fara damƙa mini ranar da na shiga ɗakin aikin haƙori ina ɗalibi, wani ɗan turmi ne na gilashi da taɓaryarsa. Malaminmu ya zuba garin azurfa, ya ɗiga zaiba a kai, ya ce in murza har su haɗe. Daga nan a juye a ƙyalle a matse, ragowar zaibar ta tsattso tana ƙyalli. Wani lokaci ta faɗi ta shige tsagar siminti, ba wanda ya waiwaya. Wannan haɗi shi ne amalgam, wanda marasa lafiyarmu ke kira baƙin ciko. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuwa azurfa ce da kuza da jan ƙarfe.

Sai daga baya na gane cewa sana'ar da na shiga ta daɗe tana rigima da kanta a kan wannan abu. Wani littafin magunguna na ƙasar Sin na shekarar 659 ya ambaci irin wannan haɗi. Amma rigimar ta tashi ne a 1833, lokacin da wasu 'yan'uwa masu suna Crawcour suka kai shi birnin New York. Suna cusa shi a kogon haƙori ba tare da sun kankare ruɓar ba, ga araha, ga sauri. Likitocin da ke ciko da zinare suka fusata. A 1845 ƙungiyarsu ta sa mambobinta rattaba hannu cewa ba za su taɓa amfani da shi ba. Talaka kuwa ba shi da kuɗin zinare, don haka likitoci da yawa suka ci gaba da abinsu, ƙungiyar ta watse a 1856. Sai a wajejen 1895 wani likitan haƙori mai suna G. V. Black ya auna sinadaran dalla-dalla, ya fito da haɗin da ba ya kumbura ya fasa haƙori. Tsarinsa na yanke kogo shi muka haddace a aji.

An yi shiru har 1926, lokacin da Alfred Stock, wani masanin sinadarai Bajamushe wanda tururin zaiba ya illata a ɗakin bincikensa, ya rubuta cewa cikon baki ma yana fitar da tururin. Manyanmu sun daɗe suna musun wannan magana. Ni ma an koya mini cewa da zarar cikon ya daskare, zaibar ta kulle ke nan. Da na'urorin awo suka inganta, sai ta tabbata Stock yana da gaskiya: ana samun ɗan tururi, musamman wajen tauna da cije haƙora cikin barci, jiki kuma yana shaƙarsa, wani kaso ya taru a ƙoda.

Tambayar da ta rage ita ce ko wannan ɗan kaɗan yana cutarwa. A 2006 aka wallafa sakamakon manyan bincike biyu, ɗaya a Amurka, ɗaya a Lisbon ta Fotugal, kowanne da yara sama da 500 da aka bibiya shekaru. An yi wa rabi baƙin ciko, rabi fari. Masu baƙin sun fi nuna zaiba a fitsari, amma ba a ga bambanci ba wajen kaifin ƙwaƙwalwa. Duk da haka duniya ta fara ja da baya, galibi saboda muhalli, domin abin da muke kankarewa magudanar ruwa yake bi. Norway ta hana baƙin ciko a 2008, Sweden a 2009. A 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, mai ɗauke da sunan garin Japan da gubar zaibar masana'anta ta nakasa mutanensa, Najeriya kuma ta amince da ita a 2018. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci masu ciki, masu shayarwa, ƙananan yara, da masu ciwon ƙoda ko na jijiyoyi da su kauce wa baƙin ciko. Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025.

Ina jin ciwon abin da ya wuce, domin waɗanda suka fi shaƙar tururin mu ne da mataimakanmu, masu murza haɗin a ɗaki marar iska. Yanzu a rufe yake zuwa cikin ɗan kwanso, inji ya kaɗa shi. Amma ba zan zage shi ba. A asibitin karkara, inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, baƙin ciko ya ceci turamen haƙora masu yawa da da filaya za ta cire. Yana jure yawu, yana daɗewa. Farin ciko na zamani kuwa yana son wuri busasshe da fitilar daskarar da shi, ga tsada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan gida shi ne haƙorin Makka, wato hular zinare da ake rufe haƙori da ita. Wata dattijuwa ta zo mini dasashinta ya kumbura, bakinta yana wari. Na ce, "Hajiya, sai mun cire hular nan mun ga abin da ke ƙasa." Ta ce, "Haba likita, shaidar aikin Hajjina ce fa." Da ta yarda muka ɗaga, haƙorin da yake lafiya lau kafin a rufe shi ya zama kamar danƙo. Laifin ba na zinare ba ne, domin zinare na gaske yana cikin ƙarafan da baki ya fi zama lafiya da su. Hular ce ba a auna ta ba, abinci yana maƙalewa a gindinta, kuma sau da yawa ba a san irin ƙarfen da aka yi ta da shi ba. Idan akwai nikel a ciki, wasu mutane, musamman mata, jikinsu ba ya ɗaukarsa, sai dasashi ya yi ja yana zafi. Idan kuma ƙarafa iri biyu suka taɓa juna a cikin yawu, mutum yakan ji ɗanɗanon ƙarfe ko wani ɗan fizga kamar na lantarki.

Bayan shekarun nan, ga inda na tsaya. Wanda yake da baƙin ciko lafiyayye, bai tsage ba, ba ya ciwo, ya bar shi a wurinsa, domin lokacin kankarewa ne tururin ya fi fita, kuma haƙori yana ƙara raguwa. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su faɗa wa likita halinsu kafin ya fara aiki, iyaye kuma su nema wa yara farin ciko. Wanda zai sa hula ya tambayi ƙarfen da ke cikinta, kada kuma ya bari a goge lafiyayyen haƙori don ado. Rigakafi ya fi magani: a rage zaƙi, a riƙe asuwaki da buroshi safe da dare. Duk tsawon aikina ban taɓa sa wa mutum abin da ya kai haƙorin da Allah ya ba shi ba.