Beatie Edney: 'Yar Fim Ɗin Ingila da Labarin Borgu Ya Kawo Nijeriya

Ba kowa ne a Yawuri zai gane sunan Beatie Edney ba, ko cikin masu bibiyar finafinan Turawa. Amma akwai abin da ya haɗa ta da bakin kogin nan namu, kuma ya faro ne shekara arba'in da ɗoriya kafin a haife ta.

A 1915 Turawan mulkin mallaka suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka jingina ƙasarsa ga Yawuri, lokacin duk ana cikin Lardin Kwantagora. Mutanen Busa ba su lamunta ba. Suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Sabukki, aka zubar da jini, kuma sai a 1924 aka maido da Kitoro Gani kan karagarsa. Ana tsakiyar wannan rikici, a 1917, aka turo wani matashin jami'i Borgu, yankin da Busa take ciki, ɗan ƙasar Ayalan mai suna Joyce Cary, wanda aka yi wa rauni a yaƙin Kamaru. Ya yi zama tsakanin Kayama da Busa, yana karɓar haraji, yana yanke shari'a, sai dai abin da ya fi cin ransa shi ne gina hanyoyi da gadoji. Matarsa tana can Ingila, wasiƙa kawai ke haɗa su. Ya bar aikin a 1920, a 1939 kuma ya fitar da littafin Mister Johnson, labarin wani akawu baƙar fata da maigidansa Rudbeck, Baturen da gina hanya ya zame wa jaraba. Wannan littafin ne Chinua Achebe ya karanta yana ɗalibi a Ibadan, ya ji haushin yadda aka siffanta Ba'afirke a ciki, har hakan ya shiga cikin dalilan da suka sa shi ɗaukar alƙalami.

Beatie kuwa an haife ta a Landan a 1962, a gidan da fim ya riga ya zama sana'a. Mahaifiyarta ita ce Sylvia Syms, tauraruwar Ice Cold in Alex na 1958, wadda daga baya ta fito a matsayin uwar Sarauniyar Ingila a fim ɗin The Queen na 2006. Tun tana ƙaramar yarinya Beatie ta tsaya gaban kyamara a A Day at the Beach na 1970. Amma Highlander na 1986 ne ya fito da ita duniya. A nan ita ce Heather, matar wani jarumi ɗan Sikotilan da ba ya tsufa kuma ba ya mutuwa. Christopher Lambert ne mijin, ga kuma Sean Connery, ga takubba da tartsatsi ko'ina. Duk da haka, wurin da ya fi zama a zukatan masu kallo nata ne: ana nuna ta budurwa tana dariya, sannu a hankali furfura na shigowa, fuska na yamutsewa, har ta cika a hannun mijin da ko gashi ɗaya bai canja masa ba. Shekarunta ba su kai 25 ba a lokacin, amma ta ɗauki tafiyar tsohuwa da muryarta ba tare da wuce gona da iri ba. A ganina wannan ɗan yanki ne ya ba fim ɗin zuciya.

Bayan ta fito a A Handful of Dust a 1988, da wasan talabijin na The Dark Angel tare da Peter O'Toole a 1989, sai hanya ta biyo da ita Nijeriya. Darakta Bruce Beresford, ɗan Ostareliya da ya taɓa aikin tace fim a Enugu, shi ya ɗauki nauyin mayar da littafin Cary fim, William Boyd ya tsara labarin. An ɗauke shi a Toro, kusa da Jos, ya fito a 1990. Pierce Brosnan, wanda bai riga ya zama James Bond ba, shi ne Rudbeck. Maynard Eziashi ne Johnson, kuma wannan rawar ta sama masa kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Balin a 1991. Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarbawa, ya fito a ciki, ya kuma rasu a shekarar da fim ɗin ya fito. Beatie ita ce Celia, matar Rudbeck.

Rawar ba ta da yawa, amma ita ta fi tsaya mini a rai. Celia amarya ce da aka kawo wani ƙauye mai suna Fada, mijinta ya tare a bakin aikin hanya, ya bar wa akawunsa ɗawainiyar zagayawa da ita. Tana kallon kasuwa, tana kallon masaƙa da maƙera, komai yana ba ta sha'awa, amma a matsayin abin kallo kawai. Ba muguwa ba ce. Tana da fara'a, tana ma jin daɗin hira da Johnson. Sai dai fara'ar ba ta kai ta ga tambayar me hanyar nan ke ci daga jikin leburori, ko me zai sami akawun da ake murɗa lissafin baitulmali da hannunsa idan asiri ya tonu. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da Beatie ta mayar da Celia mai izgili da ɗaga hanci, da mai kallo ya tsane ta ya huta. Da ta bar ta da kirkinta, sai abin ya fi ciwo, domin a ƙarshe Johnson ne ya rasa aiki, ya kashe ɗan kasuwa Gollup, aka yanke masa hukuncin rataya, Rudbeck ya harbe shi da hannunsa bisa roƙonsa. Kirkin mutanen gidan bai hana komai ba.

Ko da Beresford ya so ɗaukar fim ɗin a tsohuwar Busa da Cary ya sani, da bai same ta ba. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta riga ta shanye garin, tare da tsibiran Gungawa da gonakin albasarsu, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sabbin matsugunai.

Beatie ta ci gaba da aikinta. A 1993 ta fito a In the Name of the Father tare da Daniel Day-Lewis, a matsayin Carole Richardson, yarinyar da aka ɗaure shekara 15 kan harin bam na Guildford da ba ta aikata ba. Ta jagoranci wasan barkwanci na Dressing for Breakfast a tashar Channel 4, ta sake zama Heather a 2000. Daga 2015 zuwa 2019 kuma sabbin masu kallo suka san ta a Poldark na BBC, inda ta zama Prudie, 'yar aikin gida mai kaushin baki, ga ƙiwa, ga daƙal-daƙal ɗin tufafi. Wadda aka sani da kyau a ƙuruciya ta yarda a ɓata mata fuska da haƙora saboda rawar ta fita. Wannan ya kan sa ni tunanin 'yan matan Kannywood, yadda da yawa masu hazaƙa ke ɓacewa da zarar sun yi aure, a daidai lokacin da gwanintarsu ta fara nuna. Shekara kusan hamsin ke tsakanin fitowar Beatie ta farko da ƙarshen Poldark.

A 2015 kamfanin Criterion ya sake fitar da Mister Johnson bayan an gyara hotonsa. Ina so malaman tarihi a Yawuri da Ngaski da Shanga su neme shi su nuna wa ɗalibai, sannan su karanta musu abin da Michael Crowder ya tattara a Revolt in Bussa na 1973 game da boren Sabukki, wanda ya auku shekara biyu kacal kafin Cary ya iso, fim ɗin kuma bai taɓo shi ba ko kaɗan.