Maganin Farfaɗiya Da Ya Koma Na Zugin Ƙafa

Kusan duk ƙwayar da nake miƙa wa masu ciwon jijiya a kemis ɗina ta aro ce, don wata cutar aka fara yin ta. Tun a ƙarni na 19 likitan Faransa Armand Trousseau ya lura cewa zugin jijiyar fuska kan afko wa mutum farat ɗaya ya sake shi, irin yadda farfaɗiya ke yi. Daga nan tunanin ya samo asali: abin da ke kwantar da farfaɗiya ƙila ya kwantar da jijiyar da ta birkice. A 1962 aka gwada carbamazepine kan ciwon fuskar, ya kuwa yi aiki.

Sai dai aron da jela ya zo. Sinadarin bromide da Charles Locock ya gabatar a Landan a 1857 ya rage wa masu farfaɗiya faɗuwa, amma ya bar da yawansu da kasala da dusashewar tunani. Magungunan yau sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, amma jelar ba ta guntule ba.

Gabapentin ne labarinsa ya fi tsaya mini a rai. A 1993 Amurka ta amince da shi, da sunan Neurontin, don farfaɗiya kawai. Kamfanin Parke-Davis ya shiga tallata shi ga likitoci kan ciwo iri-iri da hukuma ba ta ba shi izini ba, har wani ma'aikacinsa, David Franklin, ya fasa ƙwai a 1996. A 2004 uwar kamfanin, Warner-Lambert, wadda Pfizer ta riga ta saye, ta amsa laifi, aka biya dala miliyan 430. A shekarar ne kuma ƙanin gabapentin, pregabalin, wato Lyrica, ya samu izini. Kafin a ankara, maganin da aka yi wa tsirarun marasa lafiya ya shiga gidaje bila adadin.

Aikin gabapentin da pregabalin shi ne rage saƙon da jijiyoyi ke aika wa juna, kuma ƙwaya ba ta san jijiyar ƙafa daban ta ƙwaƙwalwa daban ba. Takardar da ke cikin kwalin pregabalin ta lissafa mantuwa da rashin tattara hankali cikin illolin da aka saba gani. Shi kuwa amitriptyline, tsohon maganin ciwon damuwa da mu ma muke bayarwa don jijiya, yana tare sinadarin acetylcholine, wanda riƙe abu a ka ya dogara da shi.

Masu zuwa wurina galibi dattawa ne masu ciwon suga, tafin ƙafarsu na raɗaɗi da dare kamar an barbaɗa barkono. Maganin na ba su barci, ba ni musun wannan, na ga masu godiya har da hawaye. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne idan Baba ya fara kokwanton raka'a nawa ya yi, ko ya nemi sunan jikansa ya rasa, sai 'ya'ya su ce tsufa ne, ba mai waiwayar kwalin magani. Alhali ƙoda ce ke fitar da gabapentin da pregabalin, suga da shekaru kuma na raunana ta, sai ƙwayar ta taru a jiki. Nakan tambaye su yaushe mantuwar ta soma, yaushe aka ƙara yawan maganin, sannan in ce su koma wa likita a duba ƙodar. Nakan kuma ja kunnensu kada su yanke shi lokaci guda, a hankali ake janye shi.