Burmi: Ƙauyen da Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama

Burmi, wanda wasu ke rubutawa Mbormi, ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Funakaye ta Jihar Gombe, kusa da Bajoga da kamfanin siminti na Ashaka, a yankin Kogin Gongola. Wanda ya gan shi a yau ba zai zaci a nan ne Daular Sakkwato ta yi yaƙinta na ƙarshe da Turawan mulkin mallaka ba.

Garin ya yi suna ne a zamanin Malam Jibrilla Gaini, malamin Mahadiyya da ya kafa sansaninsa a nan cikin shekarun 1880, ya kewaye shi da ganuwa, ya kuma gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru. Turawa suka kama shi a 1902, suka kai shi Lakwaja. Mabiyansa dai ba su watse ba.

Da Sakkwato ta faɗi a ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya ƙi miƙa wuya, ya zaɓi yin hijira zuwa gabas da niyyar isa Makka. Dubban jama'a, sarakuna da malamai da talakawa, suka bar gidaje da gonaki suka bi shi, abin da ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin kansa. Burmi ta buɗe masa ƙofa. A watan Mayu mutanen garin suka kori rundunar farko da ta kawo musu hari. Ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da ƙarin sojoji da manyan bindigogi, aka yini ana gwabzawa. Sarkin Musulmi ya rasu a fagen daga tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu, aka ƙone garin.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijirar har Sudan, inda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa har yau.

Abin da maziyarci zai tarar bai da yawa: kabarin Sarkin Musulmi, kabarin Manjo Marsh ba nisa da shi, sai filin da aka yi yaƙin. Masu zuwa daga birnin Gombe kan bi hanyar Bajoga.