Tarihin Ƙofar Gardos da Matsayinta a Binciken Amosanin Jini a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibitin zamani, Hausawa sun san gidajen da ake haihuwa ana binnewa, har suka laƙaba wa irin wannan yaro sunan ɗan wabi. Sun kuma san yaron da ƙasusuwansa ke ciwo da zarar hunturu ya kama. Wani kaso na waɗannan yara amosanin jini ne ke damun su, wato cutar da ake kira sikila. A wannan takarda za mu bi tarihin wata ƙwayar gado mai suna KCNN4, wadda ke ɗauke da umarnin gina ƙofar da sinadarin fotasiyam ke bi ya fita daga jar ƙwayar jini, domin mu ga abin da tarihin nan zai amfana wa manazarta a Wudil da sauran ƙasar Kano.

Yadda Aka Gano Ƙofar

A shekarar 1910 likita James Herrick na Shikago ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Sai dai wannan bai bayyana dalilin da ya sa wasu ƙwayoyin ke bushewa su ƙandare fiye da wasu ba.

Amsar ta fara ɓullowa daga Hangari a 1958, inda masani Gardos ya lura cewa in sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin jar ƙwayar jini, sai fotasiyam ya kwararo waje. Daga baya aka gane alaƙar wannan da amosanin jini. In iskar numfashi ta yi ƙaranci, himogulobin na mai cutar yakan dunƙule ya lanƙwasa ƙwayar, kalsiyam ya samu hanyar shiga, ƙofar Gardos ta buɗe, fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi. Ƙwayar da ta rasa ruwa himogulobin ɗinta yakan yi kauri, kaurin kuwa shi ke ƙara saurin dunƙulewa. Haka abin ke ta juyawa har ƙwayar ta fashe ko ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. A 1997 aka tantance ita ƙwayar gadon a kan zaren gado na 19, a 2003 kuma aka tabbatar ita ce ke gina ƙofar Gardos.

Hujja Daga Ƙasar Kano

A lokacin da ake wancan aiki a ƙasashen waje, a nan aka auna girman asarar. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, tun 1991 kuwa tana Jigawa. Rahoton da Fleming da abokan aikinsa suka buga a 1979 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da gadon cutar daga ɓangare guda, jarirai kusan 2 cikin 100 kuwa an haife su da cutar sosai, kuma ƙalilan ne daga cikinsu suka kai girma.

Yunƙurin Rufe Ƙofar

Hankali ya ba da cewa in an rufe ƙofar, ƙwayar za ta riƙe ruwanta. A 1996 Carlo Brugnara na Boston ya gwada maganin kulotirimazol, wanda aka sani da maganin makero, ya ga bushewar ƙwayoyin ta ragu. Daga nan aka harhaɗa wani sabon magani mai suna senikapok. A babban gwajinsa jinin marasa lafiya ya ƙaru, fashewar ƙwayoyi ta ragu, amma yawan tashin ciwo bai ragu ba, saboda haka aka dakatar da gwajin a 2007. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa tashin ciwo ya haɗa da kumburi da mannewar ƙwayoyin jini a bangon jijiya, abubuwan da rufe ƙofa ɗaya ba ya warwarewa.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, gyaruwar lambobi a ɗakin gwaji daban, sauƙin mara lafiya daban. Uwar da ta kawo ɗanta Babban Asibitin Wudil tambayarta ita ce ko yaron zai yi barci yau. Ƙasar Kano ta fara shiga aikin da kanta: binciken Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka buga a 2022 ya nuna amfanin ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, a 2024 kuma jihar ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Muna ganin ya dace jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, ta haɗa kai da asibitocin yankin wajen ajiye rajistar masu cutar da lokutan tashin ciwonsu, a hunturu da bazara da damina, domin duk wani magani da zai zo a samu ma'aunin gwada shi a kan mutanenmu.