Wa Ya Taɓa Wannan Gurbin? Tarihin Alamar Gyara a Fom

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, daga nan Taba.

Duk wanda ya taɓa cike fom a banki ya san dokar: in ka soke lamba ka gyara, sai ka sa hannu a gefe. To ita kwamfuta fa, ta yaya take gane an taɓa gurbi?

A 1971 kamfanin IBM na Amurka ya fito da allon aiki mai suna 3270, wanda ma'aikatan banki da ofisoshi ke cike fom a kansa, yana haɗe da babbar kwamfuta ta waya. Layin na da nawa, ga ma'aikata da yawa a kansa. Sai aka ba kowane gurbi wata 'yar alama, MDT. Da ma'aikaci ya buga harafi, alamar ta kunna. In ya danna aikawa, gurbin da ke da alama kawai ake turawa. Manhajojin da aka rubuta da COBOL, yaren kasuwanci da aka ƙirƙira a 1959, su ke karɓar saƙon.

Amma alamar na da iyaka. Abin da take faɗa kawai shi ne an taɓa. Ba ta faɗin wa ya taɓa, ko me ke wurin da farko. Ko tsohuwar lambar ka sake bugawa, za ta kunna. Mai rubuta manhaja ma na iya kunna ta ko kashe ta da kansa. Shi ya sa masu hankali ke ajiye tsohon bayani su kwatanta da sabo, su rubuta sunan mai gyara da lokaci.

Mu dawo gida. A 2018 Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. A 2020 INEC ta buɗe shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamako ta EC8A. Hoto zai nuna maka an soke lamba, amma ba zai gaya maka hannun wa ba ne.

Don haka matasan Ikara, Makarfi da Kudan, ko fom ɗin tallafin taki ne ko na ɗaukar aiki, in an ce "ai yana cikin kwamfuta", ku tambaya: wa ke da ikon gyarawa, kuma ina ake ajiye na farko?

Ku bar mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.