Malam Abubakar Imam da Littattafansa

Ku 'yan makaranta, da wuya a sami ɗaya daga cikinku, ko a Talata Mafara ya ke karatu ko a Bakura ko a Maradun, wanda bai taɓa jin labarin akun nan da ya zama waziri ba. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya sa wa akun magana a baki, da irin halin da ƙasarmu ta ke ciki sa'ad da ya ɗauki alƙalami.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo yaron ya fara, ya sha Larabci tun kafin ya san baƙin boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina inda a ke horon malamai, ya fita a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

To, a wannan zamani akwai wata damuwa. An koya wa yara karatun boko, amma in sun iya, ba abin da za su karanta sai littattafan aji da 'yan fassarce-fassarce. Wanda kuwa ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba a daɗewa sai karatun ya zube. Don haka a 1933 Dokta R. M. East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su ƙago labarai da Hausa, za a yi gasa. Abin bai zo da sauƙi ba. A wurin malaman lokacin, rubutu na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi; ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Ina malami mai mutunci zai zauna ya rubuta abin da ya san ba a yi ba?

Duk da haka aka sami masu amsawa, aka zaɓi littattafai biyar aka buga: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wan Abubakar ɗin, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22. Labari ne na Alhaji Imam da ya fita duniya neman wani ruwa mai magani, yana ta gamuwa da Malam Zurƙe, kowa na shirya wa ɗan'uwansa tuggu. Wanda ya karanta Maƙamatul Hariri zai gane inda aka ɗauko tsarin mutum biyun nan masu haɗuwa gari gari. Sai dai dariyar da ke ciki ta kasuwar Hausa ce.

East ya ga yaron yana da hannu. A 1936 ya roƙa aka ba da shi aro daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, aka tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na mutanen Hindu, aka ce ya karanta ya rubuta wa 'yan makaranta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun waziri yana son ya fitar da Musa ɗan sarki daga gida don a hallaka shi, aku kuwa yana tsare shi da labari har gari ya waye. A na biyu akun ya yi gasar labari da wani aku, Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih.

A nan ne masu suka su kan tsaya. Su kan ce ai labarun ba nasa ba ne, wannan daga Alfu Laila, wancan daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. Gaskiya ne an aro da yawa, shi ma bai ɓoye ba. Amma ni a ganina wanda ya sayo auduga a kasuwa ya kaɗa ya saƙa, ba a ce zanen ba nasa ba ne. Ku duba yadda baƙon labari ya kan shigo hannunsa, ya fita da rawani da zaure da dogarai, alƙali na shari'a, sarkin fawa na ciniki, har mai karatu ya rantse a garinsu aka yi abin. Ga karin magana a inda ya dace, ba a cusa shi don ado ba. Wannan shi ne aikin, kuma ya fi ƙago labari wuya. Malaminku da ya ce ku karanta shi da ƙarfi a aji, kunnenku ya ke so ya saba da yadda a ke jera zance.

Bai koma aji ya daɗe ba. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, ya shiga majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Littattafan da ya yi a wannan lokaci yawancinsu na addini ne da tarihi. Bai sake yin wani irin Magana Jari Ce ba, abin da ni kam na ke jin takaicinsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin 1981, yana da shekara 70.