Yadda Baƙi Suka Zauna a Sahun Gaba na Duniyar Kwalliya

A watan Satumba na 2009, kamfanin Dolce & Gabbana ya tayar da ƙura a birnin Milan na Italiya. A wajen nunin sababbin tufafinsa an ware kujeru a sahun gaba, an ajiye kwamfutar tafi-da-gidanka gaban kowacce, aka zaunar da mutum huɗu da babu wata babbar mujalla da ta turo su: Scott Schuman daga Amurka, Garance Doré daga Faransa, Tommy Ton daga Kanada, da wani matashi ɗan Filifin, Bryan Yambao, wanda aka fi sani da Bryanboy. A sahun nan ne Anna Wintour, shugabar mujallar Vogue ta Amurka a lokacin, take zaune. Abin da mutanen huɗu suka mallaka shi ne shafi a intanet da dubban masu leƙa shi kowace safiya.

Sahun gaba ba wurin zama ba ne kawai a wannan harka, nan ake yanke hukunci. Tsarin da aka gada shi ne masu zayyana tufafi su nuna kayansu a New York da Landan da Milan da Faris kusan wata shida kafin su shiga kanti. Editoci da masu saro wa manyan kantuna kaya su ne ke gani da idonsu, su zaɓi abin da zai zama yayi, sauran jama'a kuma su jira mujalla ta fito. Mutane 'yan ƙalilan ne ke faɗa wa duniya abin da ya yi kyau, kuma yawancinsu sun san juna.

Waɗanda suka fasa wannan katanga ba da niyyar yaƙi suka fito ba. Schuman ya bar aikin sayar da kayan maza don ya kula da 'yarsa, a 2005 ya fara yawo a titunan New York da kyamara yana ɗaukar duk wanda shigarsa ta burge shi. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, don Bill Cunningham ya shafe shekaru yana yi wa jaridar New York Times irinsa, sai dai Schuman bai jira izinin edita ba. A 2006 Susanna Lau ta buɗe Style Bubble a Landan. A 2008 kuma wata yarinya 'yar shekara 11, Tavi Gevinson, ta fara rubutu daga gidan iyayenta a wajen birnin Shikago. Kafin shekara biyu an fara gayyatarta manyan nune-nune, har wata editar mujalla ta yi ƙorafi a Faris cewa ƙaton adon da ke kan yarinyar ya tare mata gani.

Abin da ya ja mutane gare su ba ɓoyayye ba ne. Suna nuna kayan da suka saya da kuɗinsu, su haɗa rigar gwanjo da takalmi mai tsada, su faɗi inda aka samo da nawa aka saya, in abu bai yi musu ba su ce bai yi ba. Mai karatu ta tambaya a ba ta amsa a ranar. Jarinsu gaba ɗaya shi ne yarda.

Kamfanoni ba su ɓata lokaci ba wajen gane darajar wannan jari. Tun a 2008 Marc Jacobs ya raɗa wa wata jaka suna BB don karrama Bryanboy. Daga kyautar jaka da tikitin jirgi aka koma kwangila. A 2011 Amber Venz ta kafa rewardStyle a Dallas, tsarin da ke ba mai shafi la'ada duk lokacin da wani ya bi ta hannunsa ya sayi kaya. Instagram, da ya fito a 2010, ya ƙarasa sauyin: dogon bayani ya tsuke ya koma hoto da layi ɗaya. Wadda ta fi kowa cin moriyar wannan zamani ita ce Chiara Ferragni, ɗalibar lauya a Milan da ta fara The Blonde Salad a 2009. Zuwa 2015 makarantar kasuwanci ta Harvard tana nazarin kasuwancinta a aji, kuma ta hau bangon Vogue ta Sifaniya.

La'ada ba laifi ba ce. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa kowa ya san tana da nata a ciki, shi ya sa ake sauraronta da kunnen ciniki. Ɓarnar ta zo ne lokacin da mai talla ta ci gaba da magana da muryar ƙawa. A 2015 kantin Lord & Taylor na Amurka ya ba wasu mata 50 masu shafi riga iri ɗaya, ya biya su, suka saka hotunansu a ƙarshen mako guda ba tare da ko ɗaya ta ce talla ce ba. Rigar ta ƙare a kanti. Hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, wadda tun 2009 ta ce dole a bayyana irin wannan alaƙa, ta tuhumi kantin, aka sasanta a 2016. Ferragni ma ta gamu da nata: a Disambar 2023 hukumar Italiya ta ci kamfanoninta tarar sama da Yuro miliyan 1 kan wani burodin Kirsimeti da aka tallata ta yadda masu saye suka ɗauka cinikinsu ne zai ƙara tallafin asibitin yara a Turin, alhali kamfanin burodin ya riga ya ba da Yuro 50,000 tun watanni kafin nan.

Tsofaffin hannu sun yi ta sukar baƙin. 'Yar jaridar kwalliya Suzy Menkes ta yi wani rubutu a 2013 tana kokawa da yadda ƙofar wurin nuni ta koma dandalin nuna kai, a 2016 kuma editocin Vogue suka caccaki masu sauya kaya sau da yawa a rana don a ɗauke su hoto. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ni ban ga bakinsu na faɗa ba. Mujallun nan da kuɗin tallar kamfanonin suke rayuwa, kuma da wuya a ga sun kushe mai sayen shafukansu. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne kuɗin tallar ya fara bin wata hanya.

Inda wannan motsi ya yi aikin da ba zai goge ba shi ne wajen waɗanda mujallu suka yi kamar ba su gani ba. Mata masu jiki sun sami irin su Gabi Gregg a Amurka. Mata masu rufe jiki sun sami Dina Torkia a Ingila da Dian Pelangi a Indunusiya, suna nuna cewa ana iya yin ado da mayafi ba tare da an rage komai ba. Sai da waɗannan mata suka tara miliyoyin mabiya sannan manyan kamfanoni suka farga: DKNY ta fitar da kayan azumi a 2014, Uniqlo ta haɗa hannu da mai zayyana tufafi Hana Tajima a 2015, Dolce & Gabbana ta fito da abaya a 2016, Nike kuma da hijabin wasanni a 2017. Kasuwar tana nan tun fil azal, masu ido ne ba su waiwaye ta ba.

A Najeriya, Uche Pedro ta kafa BellaNaija a 2006, kuma hotunan ankon biki da take wallafawa sun mayar da kowace Asabar ranar nuni, Omoyemi Akerele kuma ta kafa makon kwalliya na Legas a 2011. A ƙarshen 2015 Haneefah Adam daga Ilori ta fara ɗinka wa 'yartsana hijabi da dogayen riguna da sunan Hijarbie, labarin ya zaga duniya. Tasirin ya iso har shagon tela a Kano da Zariya da Maraɗi, inda kundin hotunan ɗinki da ake ajiyewa kan benci ya ba waya wuri. Mai kaya ta zo da leshinta ko shaddarta, ta miƙa hoto ta ce irin wannan take so, kafin Salla. Sau da yawa ɗinkin da ke hoton wani telan ne ya ƙirƙiro shi, ya kwana a kan keke yana gyara wuya da hannu, amma a ƙarƙashin hoton sunan mai kwalliyar fuska da mai ɗaurin kallabi da mai ɗaukar hoto ake jerawa, nasa kuwa sai an tambaya.